Yadda Muka Kai Inna Gaban Babban Alƙali a Hartum

Da sunan Allah nake farawa. Tun da muka dawo daga Hartum ban huta da ba da labari ba. A gidan suna a tambaye ni, a hanyar kasuwa a tare ni, har matan da muke karatun Asabar tare suka ce in daina gutsura musu, in zauna in rubuta shi gaba ɗaya tunda Allah ya sa na yi sakandare. To ga shi nan. Abin da idona ya gani zan faɗa, inda ban gane ba kuma zan ce ban gane ba.

Sai na fara da dalilin tafiyar saboda na nesa. Ƙauyenmu yana kudu da Mai Wurno, a bakin kogi. Maigidana, Malam, manomi ne, yana da ɗan lambun mangwaro da ayaba. Mahaifinsa mutumin yamma ne, daga can ƙasar Hausa, da ya biyo hanyar hajji a ƙasa, ya yada zango a garinmu, aka ba shi auren Inna. Bai kai Makka ba, bai kuma koma gida ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi Malam yana goye, bai bar takarda ko ɗaya ba. Ita kuwa Inna, kakanninta na cikin waɗanda suka sari garin, jinsiyarta, wato takardar zama ɗan ƙasa, tana ƙasan akwatinta a naɗe cikin leda.

Malam ya yi shekaru yana amfani da wani tsohon kati da aka yi masa bisa shaidar dattawan unguwa. Da aka zo da sabuwar lambar ɗan ƙasa, aka ce kowa ya sake kawo asalinsa. Aka nemi takardun uba, babu. Wani ma'aikaci ya ce to a kawo uwa a gani. Aka kai Inna ofis a Sinja, babban garin jiharmu.

Kun san halinmu da ɗan fari. Malam shi ne ɗan farin Inna, kuma tun da aka yaye shi yayarta, marigayiya Goggo Dije, ta ɗauke shi riƙo. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in za ta aika masa saƙo sai ta ce mini, "Ce ma wancan." To ma'aikacin nan ya nuna Malam ya tambaye ta ko ɗanta ne, ɗaki cike da maza. Inna ta ja mayafi ta ce ɗan yayarta ne. Ba ƙarya ta nufa ba. Abin da take faɗa ke nan fiye da shekara hamsin, kuma duk garinmu an san abin da ake nufi. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ya buga hatimi. Goggo Dije ta rasu ba ta taɓa yin takarda ba. Shi ke nan aka rufe fayil.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Rukayya, ɗiyarmu ta uku. Ta ci jarrabawar gama sakandare, aka ba ta gurbin karatun jinya, aka ce ta kawo lambarta. Ba a ba ɗiya lamba in uban ba shi da ita. Makarantar ta yi mana alheri ta ajiye mata gurbin shekara guda, ta ce bayan nan sai dai wani. Muka rubuta koke, aka ƙi. Muka kai sama, aka ce ko da ma uwar tasa ce, hanyar uwa ba ta isa ba. Sai Yaya Habsatu, ɗiyar kawuna da ke aure a Hartum, ta haɗa mu da wata lauya, Ustaza Samiya. Ita ta shigar da ƙara gaban alƙalin babbar kotu mai duba ƙorafin da mutane ke yi a kan hukuncin gwamnati. Wata huɗu ya rage wa Rukayya sai ga waya, an sa rana, kuma alƙali yana son jin Inna da bakinta.

Muka tashi bayan asuba, mu uku. Rukayya ta rako mu bakin titi, sai gyara wa kakarta mayafi take yi. Ƙaramar mota ta kai mu Sinnar, can muka shiga babbar bas mai sanyi. A nan rigimar farko ta tashi. Tikiti da lamba yake, kuma lambar Inna ta faɗo kusa da ta Malam, ni kuma can baya. Inna ta tsaya cak a tsakiyar hanya da ƙullin kayanta, mutane sun yi layi a bayanta, ta ce ita a ƙasa za ta zauna. Mai duba tikiti ya ce, ya Hajja, ai kusa da ɗanki ne, me ya fi wannan? Ta yi kamar ba ta jin Larabci. Da ƙyar na ratso na yi musaya da Malam, ya koma baya kusa da wani mai sayar da tayoyi wanda ya yi ta ba shi labarin ciwon sukarinsa har Madani.

Sanyin motar ya dame ta. Na lulluɓa mata zanen sallata a ƙafa. Aka kunna talabijin ana wasan barkwanci, ta ce in tambayi direba ko ba shi da na karatun Alƙur'ani. Aka raba ɗan kek da lemon kwali, ta karɓa ta yi godiya ta sa a jaka, ta ce na jikokin Habsatu ne.

Bayan Madani akwai wurin bincike. Wani ɗan sanda ya shigo ya ce kowa ya ɗaga katinsa. Ga shi tsohon katin Malam ya daina aiki. Malam ya miƙa takardar sammacin kotu, aka ce ya sauko. Muka yi kusan rabin awa a tsaye, ina hango shi ta taga a ƙarƙashin rumfar kwano, hannayensa a baya kamar ɗan makaranta. Wasu fasinjoji suka fara gunaguni, wani ya ce a tafi a bar shi ya biyo wata motar. Sai wata mata mai jiki da ke gabanmu, 'yar kasuwa ce mai kai turaren wuta Omdurman, ta juyo ta wanke su tas. Ta ce duk wanda ke sauri ya sauka ya tafi a ƙasa, ba za a bar dattijo a titi tsohuwarsa na cikin mota ba. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a. Inna ba ta dubi taga ko sau ɗaya ba, sai jan carbi take da sauri har yana ƙara. Da Malam ya dawo ya wuce ta gefenmu, ta ce mini a hankali, "Sun ba shi ruwa kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta miƙo mini gorarta ta kau da kai.

Ashe babban nasu ya karanta takardar ne har sau biyu, ya ce bai taɓa ganin manomi ya kai ma'aikatar gwamnati ƙara ba, ya kira abokan aikinsa su ma su gani. Abin da ya ɗauki lokacin ke nan. Ya sallami Malam da fatan alheri.

A Hasahisa aka tsaya cin abinci da salla. Muka sayi ful, wake ke nan da aka dama da man riɗi da albasa, da burodi mai zafi. Inna ta ce ba ta jin yunwa. Sai da Malam ya ɗauki nasa ya zagaya bayan rumfa, sannan ta cinye nata ta suɗe kwano.

Mun shiga Hartum da la'asar. Ba zan ɓata muku lokaci da gine-gine ba, duk kun gani a waya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutum zai wuce mutum kafaɗa na gogar kafaɗa ba sallama. Inna ta gaida mutum bakwai tsakanin tasha da inda muka hau raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, biyu suka amsa.

Gidan Yaya Habsatu yana can kudancin gari, unguwar da namu suka yi yawa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ruwa kuma sai mai amalanken jaki ya kawo. Ta bar mana ɗakinta ni da Inna, ita ta koma rumfa da 'ya'yanta mata, Malam kuma ya kwana a zaure da mijinta, wanda ke sana'ar agashe, wato gashin tsire, a bakin titi. Kullum da magariba sai ya aiko mana da tsire mai ƙuli a takarda. Allah ya saka musu, kwana goma sha uku muka yi ba mu ga canjin fuska ba. Abu ɗaya ya dami Inna, jikokin gidan suna jin Hausa amma da Larabci suke mayarwa. Ta ce wa babbarsu ba za ta ba ta kek ɗin bas ba sai ta ce "na gode" da harshen kakanninta. Yarinyar ta faɗa, amma yadda ta murɗe shi ya sa Inna dariya har da hawaye. Kuma burodi ya ishe ta, safe burodi, rana burodi. Kwana na uku ta kwance ƙullinta ta fito da kuka da daddawa, ta kori kowa daga murhu ta tuƙa tuwon dawa. Maƙwabta biyu suka aiko da kwano.

Washegarin zuwanmu muka je ofishin Ustaza Samiya, a hawa na huɗu. Akwai ɗan ɗakin ƙarfen nan mai hawa da mutane, Inna ta leƙa ta ce ba za ta shiga akwati da ranta ba. Muka bi matakala, kowane hawa sai ta zauna ta huta. Malam na biye da mu daga nesa, ina ganin hannunsa na miƙowa yana komawa, don ya san ba za ta yarda ya riƙe ta ba.

Ustaza mace ce siririya mai farin tobi, lulluɓin nan na matan birni, ba ta kai ni shekaru ba, tana magana da sauri amma tana duban mutum a ido. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce akwai dustur, wato kundin da ya fi kowace doka a ƙasa, kuma a ciki an rubuta cewa wanda uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne yana da haƙƙin jinsiya. Ta ce manyan alƙalai sun taɓa yanke wa wasu hukunci a kan haka, don haka wannan ɓangaren bai tayar mata da hankali ba. Inda take tsoro shi ne takardar Sinja, wadda ke cewa Inna da bakinta ta ce ba ita ta haife shi ba. In ba a warware wannan ba, ba uwar da za a bi ta hanyarta.

Sai ta ce bari mu gwada. Ta juya ga Inna ta ce, ya Hajja, wannan mutumin wane ne a wurinki? Inna ta dubi tabarmar roba da ke ƙasa. Aka sake tambaya. Ta juyo gare ni ta ce da Hausa, "Ai ta sani. In ba ta sani ba mi ya kawo mu?" Ustaza ta ajiye alƙalaminta. Ta ce ta rubuta wa kotu bayanin al'adarmu iya yadda ta fahimta, amma alƙali ba da saninta zai yi hukunci ba, da abin da ya ji ne. In Hajja ta yi shiru ranar, ko ta maimaita maganar Sinja, to ita ba ta da sauran dabara.

Muka sauko. Malam ya ce mini a bakin titi kada in matsa mata, in Allah bai nufa ba Rukayya ta yi haƙuri. Na san ba har zuciyarsa ya faɗa ba.

Ana gobe za mu shiga kotu, da hantsi, ina tsefe wa Inna kai a tsakar gida, mutanen gidan duk sun fita. Ban ɗauko maganar ba, ita ta ɗauko. Ta ce tana da shekara goma sha shida ta haihu. Wata rana tana ba shi nono ya yi mata murmushi, ita ma ta yi masa, ashe uwarta na kallo. Ta kira ta ɗaki ta ce mata, ɗiyar mutunci ba ta washe baki ga ɗan fari, ko so take a yi da gidansu a gari? Tun daga ranar ta koya wa fuskarta. Da aka yaye shi Goggo Dije ta goya shi ta fita, ita kuma tana daka, ba ta ɗaga kai ba, sai da turmin ya jiƙe da hawaye.

Ta ce, "Ke kin yi boko, kina ganin abu ne mai sauƙi. Bakina bai san hanyar sunan nan ba."

Na ce, "Inna, ni ma ban taɓa kiran nawa na farin ba. Na sani."

Ta ce, "To ki kitsa mini manya, kada alƙali ya ga kaina a birkice." Na ce ai mayafi zai rufe. Ta ce in kitsa dai.

Na kwana ban san abin da za ta yi ba.

Ranar kotu muka yi sammako. A ƙofa akwai masu bincike, mata daban maza daban. Matar da ke duba jaka ta zaro wata ƙwarya a ɗaure da ƙyalle daga jakar Inna, ta buɗe, sai ga dunƙulen fura guda shida da busasshiyar kuɓewa a leda. Ta tambaya na mene ne. Inna ta ce gaisuwar alƙali ce, ba a zuwa gaban babba hannu sake. Ashe tun asuba ta tashi ta kirɓa. Ustaza da ta iso ta ji, sai da ta dafe ƙirji. Ta ce in wannan ƙwaryar ta kai teburin alƙali, shari'ar ta lalace, mu ma ƙila mu kwana a tsare. Inna ta yi mamaki ƙwarai, ta ce wane irin babba ne wannan da ake jin tsoron yi masa alheri? Aka bar ƙwaryar wurin mai shayi a bakin ƙofa. A ƙofar ɗakin shari'a kuma Inna ta tuɓe takalmi, sai da masinja ya roƙe ta ta mayar.

Na zaci zan ga fada. Ɗaki ne madaidaici, da fanka, da benci huɗu, da tebur a ɗan tudu. Alƙalin dattijo ne mai furfura, da tabarau a kan hanci, muryarsa ƙasa-ƙasa. Aka miƙe da ya shigo. Abin da ya fi ba ni mamaki, a ɗaya gefen ga wani mutum da kwat, aka ce lauyan gwamnati ne, shi ma ya miƙe kamar yadda muka miƙe, kuma bai yi magana ba sai da aka ba shi izini. A gida in an saɓa, wurin liman ko mai gari ake zuwa a sasanta, kowa ya rage nasa. Hukuma kuwa in ta ce a'a, sai mu ce Allah ya kyauta mu koma gida. Ban taɓa sanin akwai ɗakin da ake kiranta ta zo ta faɗi hujjarta ba. Na tuna darasin da aka yi mana a makaranta na halifan da ya tsaya gaban alƙali tare da talaka, wanda na ɗauka labarin mutanen da ne kawai.

Ustaza ta yi bayani, ta kawo maganar alkunya. Lauyan gwamnati ya ce shi bai ƙi ba, amma takarda ce a gabansa mai hatimi, kuma bai san uwar da za a nuna mata ɗanta ta ce na wata ne ba. Bai faɗa da wulaƙanci ba, da gaske bai sani ba. Aka kira Inna. An kawo tafinta, wani tsoho Bahaushen Omdurman. Aka ce ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ta ce tana da alwala, ta ɗora, ta rantse.

Malam na zaune a bencin gaba, dab da inda take tsaye. Alƙali ya tambaye ta sunanta da garinsu, ta amsa. Ya nuna Malam ya ce, wannan fa? Inna ta sunkuyar da kai. Na ga yatsunta na murza bakin mayafi. Ni dai Ya Latifu kawai nake maimaitawa.

Alƙalin ya dube ta ta saman tabarau ya daɗe. Sannan ya ce kakarsa ta yi shekara arba'in da kakansa ba ta taɓa kiran sunansa ba, har ya mutu "ya zol" take ce masa, wato kai mutumin nan. Ya ce ba zai iya ɗauke mata amsar ba, doka na bukatarta, amma zai iya rage mata idanu. Ya umarci Malam ya tashi ya koma bencin ƙarshe, can bayanta. Ya ce waɗanda ke jiran wasu shari'o'in su fita waje tukuna. Ya sa aka kawo mata kujera aka juya ta tana fuskantarsa shi kaɗai.

Ya ce, "Ya Hajja, yanzu ni da ke ne, da Littafin da kika dafa. Haihuwarki ta fari, mace ce ko namiji?"

Ta ce namiji. Ya tambayi yaushe. Ta ce lokacin tsinkar auduga ne, a ɗakin uwarta, ta kwana biyu tana naƙuda. Daga nan Larabcin ya ƙwace mata ta koma Hausa, tafinta na bi. Ta ce an yanka masa rago baƙi mai farin goshi. Ta ce yana da tabo a ƙafar hagu, garwashi ne ya taka yana koyon tafiya, ita ta ɗauke shi a guje, wannan ne kaɗai ranar da mutane suka gan shi a hannunta. Ta ce yayarta ta riƙe shi, Allah ya jiƙanta, amma riƙo ne.

Alƙali ya ce, "Wanda kika haifa ɗin, yana ina yau?"

Ta ce, "Yana bayana."

"Sunansa?"

Tafinta ya faɗa mata da Hausa, shi kansa idonsa a ƙasa. Inna ta share fuska da mayafi. Sannan ta faɗi sunan, a hankali, ta haɗa da na mahaifinsa, wanda shi ma ba ta taɓa faɗa ba. Ni ba zan rubuta shi a nan ba, kun dai san shi. Magatakarda ya ce bai ji ba, alƙali ya ce shi ya ji, ya maimaita masa da kansa.

Na waiwaya. Malam ya kifa kai a kan bencin gabansa, kafaɗunsa na rawa. Shekara ashirin da shida muna tare, ko ranar da muka binne ɗanmu na biyu ban ga haka ba.

Aka tambayi lauyan gwamnati ko yana da tambaya. Ya miƙe ya ce yana so a duba tabon. Malam ya cire takalmi, masinja ya duba ya ce akwai. Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya, ya juya ga Inna ya ce ta yafe masa. Aka ɗaga zama zuwa kwana tara.

A waje Inna ba ta dubi kowa ba. Ta ce ƙafarta na ciwo, a samo raksha. Kwana taran nan ba ta ɗauko zancen ba, mu ma ba mu ɗauko ba. Yaya Habsatu ta kai mu ziyarar dangi, muka je inda koguna biyu suka haɗu, Inna ta ce namu ya fi kyau tun kafin ya gauraya. Rukayya na bugo waya kullum bayan la'asar, ba ta tambayar shari'a, sai ta ce awaki lafiya, an yi ban ruwan ayaba, sai ta jira abin da zan ce.

Ranar hukunci Inna ta ce ta gama nata, ba za ta koma ba. Muka je ni da Malam. Alƙali ya karanta takarda mai shafi da yawa, da Larabcin littafi, wani na gane wani ya wuce ni. Abin da na riƙe, kuma Ustaza ta tabbatar mini, shi ne: kotu ta gamsu Inna ce ta haifi Malam, haƙƙin da dustur ya ba mutum ta hanyar uwarsa ba kyauta ba ce da ofis zai ba wanda ya ga dama, kuma ƙa'idar ofis ba ta hawa kan dustur. Ya soke hukuncin da aka yi, ya umarta a ba shi jinsiya da lamba. Ya rufe fayil ya kira shari'a ta gaba, ko dubanmu bai sake yi ba. Na so in yi masa godiya, Ustaza ta ja hannuna ta ce ba a yi. Na yi sujada a barandar kotu, mutane na ratsa ni.

Ustaza ta gargaɗe mu cewa ɗaya ɓangaren na da 'yan kwanaki da za su iya ɗaukaka ƙara, kuma hukunci daban, takarda a hannu daban. Haka kuwa aka yi ta jeka-ka-dawo. Ba su ɗaukaka ba, amma sai da Malam ya je Sinja sau huɗu. A zuwa na ƙarshe ma'aikacin nan na farko ne ya miƙa masa lambar, ya ce da ya san al'adar da bai rubuta ba. Malam ya ce ba komai, aikinsa ya yi. Rukayya ta samu tata saura kwana goma sha ɗaya gurbinta ya tafi. Yanzu haka tana can, ta aiko mana hotonta da farar riga.

Ina gode wa Allah da ya sa a ƙasar nan akwai ɗakin da manomi zai shiga a saurare shi. Ina roƙonsa ya saka wa Ustaza Samiya, da Yaya Habsatu da maigidanta, da dattijon alƙalin nan da ban san ko daga wane gari yake ba. Ku ma da kuka yi ta kai wa Rukayya abinci muna can, Allah ya bar zumunci.

Masu tambayata ko Inna ta canza, ba ta canza ba. Mata sun cika ɗakinta ranar da muka dawo suna son ji daga bakinta, ta ce musu an tambaye ta ne ta amsa, kuma ba wanda ya sake tambayarta. Malam na zuwa gaishe ta kowace safiya, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana duban bango. Na ce masa wata rana ko abin na damunsa. Yana ɗaura igiyar jaki zai tafi lambu, bai ɗago ba. Ya ce shi da ya yi zaton zai mutu bai ji sunansa a bakinta ba, ya ji sau ɗaya, kuma da rantsuwa.